Tambayi Likita: Idan Harshen Jariri Ya Yi Shuɗi

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan lahanin zuciya ne da ake haifar yaro da shi, musamman irin wanda ke hana jini samun isasshen oksijin har launin yaron ya sauya. Kimanin jariri 1 cikin kowane 100 ake haifa da wani lahani a zuciya, amma mafi yawansu ba sa yin shuɗi, wasu ma ƙaramar hudar da ke zuciyarsu takan toshe da kanta. Waɗanda za mu yi magana a kansu su ne 'yan kaɗan ɗin da jinkiri ke iya halaka su. Kamar kullum, mun taƙaita wasiƙun kuma mun sakaya sunaye.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata huɗu, kuma lafiya lau na haife shi. Yanzu idan ya yi kuka sosai, musamman da safe, sai leɓunansa su yi duhu, ya dinga haki, wani lokaci jikinsa ya saki kamar ya shiɗe. An yi masa hoton zuciya, an rubuta TOF a katinsa, an ce sai an yi masa aiki. Mene ne wannan ciwo, kuma me zan yi idan abin ya taso masa a gida? Daga wata uwa.

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki fahimci ciwon sai kin san yadda zuciya mai lafiya take aiki. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, kowane ɓangare da na sama da na ƙasa, da bango a tsakanin ɓangarorin. Ɓangaren dama ne ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya sauke oksijin ɗinsa, sai ya tura shi huhu ta jijiyar huhu. Daga huhu jinin ya dawo ɓangaren hagu yana ja wur, shi kuma ya harba shi cikin babbar jijiyar jiki da likitoci ke kira awota. Jinin da bai bi ta huhu ba yana da duhu, kuma idan ya yi yawa a cikin wanda ke zuwa jiki, shi ne ake gani shuɗi-shuɗi a leɓe da harshe.

Haruffan da aka rubuta a katin ɗanki suna nufin lahani huɗu na Fallot, sunan wani likitan birnin Marsai na ƙasar Faransa da ya yi cikakken bayaninsa a 1888. Lahanin su ne babbar huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu, da ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu, da zaman awota a daidai saman hudar ta yadda take kwasar jini daga ɓangarorin biyu, da kuma kaurin naman ɗakin dama saboda wahalar turi. A cikin huɗun nan, ƙuncin hanyar huhu ne ke yanke hukuncin yadda yaro zai kasance. Idan ƙuncin kaɗan ne, sai a haifi jariri da launinsa mai kyau, kamar yadda kika haifi naki, amma yayin da yake girma naman da ke ƙarƙashin ƙofar jijiyar huhu yana ƙara kauri, hanyar tana ƙara matsewa, shuɗin kuma yana ƙara bayyana. Saboda haka ba wani abu kika yi ba daidai ba tsakanin haihuwarsa da yau.

Abin da ke taso masa da safe shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Kuka mai tsanani, ko yunƙurin kashi, ko tsotso, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki, duk suna iya sa hanyar huhu ta ƙara tsukewa farat ɗaya. Jini kuwa kamar ruwa yake, inda ya ga sauƙi nan yake bi, don haka sai ya ratsa ta hudar ya shige awota ba tare da ya leƙa huhu ba. Oksijin ya ragu, yaro ya ƙara haki, hakin kuma ya ƙara jawo jini mai duhu zuwa zuciya, abin ya yi ta ƙaruwa. Ya fi faruwa tsakanin wata 2 zuwa 6, kuma wanda ya daɗe yana iya jawo suma, ko jijjiga, ko lahani a ƙwaƙwalwa, ko ma rasa rai.

Da zarar kin ga ya fara, ki ɗauke shi ki rungume shi a kafaɗarki, ki lanƙwashe gwiwoyinsa ki danna su sama har su taɓa ƙirjinsa, ki riƙe shi haka kina rarrashinsa cikin natsuwa. Wannan lanƙwasawa tana matse jijiyoyin ƙafafu, ta sa hanyar jiki ta yi wa jinin wuyar bi, sai ya koma hanyar huhu. Kada ki ɗura masa ruwa ko magani a baki yana cikin wannan hali, domin zai iya shaƙewa. Ki nufi asibiti yana a lanƙwashe, ko da ya farfaɗo a hanya. A can za a sa masa oksijin, a ƙara masa ruwa ta jijiya, a ba shi maganin da zai kwantar masa da hankali da numfashi, kuma sau da yawa akan ɗora yaro a kan wani magani mai suna furofaranolol don rage yawan tasowar abin kafin ranar aiki.

Maganin ba ya gyara zuciyar, aiki ne ke gyara ta. A yau akan yi cikakken gyara galibi tsakanin wata 3 zuwa 6, ko dai kafin yaro ya cika shekara, a toshe hudar da faci a kuma buɗe hanyar huhu, kuma a cibiyoyin da suka ƙware fiye da yara 95 cikin 100 suna tsallake aikin. A ganina, yaron da ya fara shiɗewa ya wuce a sa shi cikin dogon layin jira, don haka ki gaya wa likitan zuciyarsa ƙarara sau nawa abin ya faru da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka.

Likita, barka da aiki. An haifa mini jika, sai na ga tafin hannunta da ƙafafunta sun yi shuɗi a ranar farko. Nas ta ce ba komai, kuma daga baya abin ya washe. Ta yaya mutum zai bambanta wanda ba komai da wanda ke da hatsari, tunda fatarmu tana da duhu? Daga wata kaka.

Hajiya, Allah ya raya. Nas ɗin ta yi gaskiya. Shuɗin hannu da ƙafa kaɗai a kwana ɗaya ko biyun farko abu ne da ake gani a jarirai masu lafiya, musamman idan sun ji sanyi, domin ƙananan jijiyoyin gaɓoɓinsu suna tsukewa, kuma yakan wuce idan an ɗumama su. Wanda ake tsoro shi ne na tsakiya, wato wanda ya kama harshe da dasashi da cikin leɓe. A buɗe bakin jariri a wuri mai hasken rana a duba harshensa. Harshe mai lafiya ja-ja ne ko da wace irin fata yaro yake da ita, wanda kuwa oksijin ya yi masa ƙaranci yakan yi shuɗi ko toka-toka.

Sai dai ido abin dogaro ne mai rauni a wannan lamari. Yawanci ba a ganin shuɗi sai oksijin na jini ya sauko ƙasa da kusan kashi 85 cikin 100, kuma yaron da ke da ƙarancin jini zai iya sauka ƙasa da haka bai yi shuɗi ba, sai dai ya yi fari fat. Shi ya sa ake amfani da 'yar na'urar nan mai jan haske da ake naɗa wa jariri a hannu ko ƙafa don auna oksijin ɗin jininsa. Akan yi awon bayan jariri ya cika awa 24, a hannun dama da ƙafa ɗaya. Idan an samu 95 ko fiye, kuma bambancin hannu da ƙafa bai wuce 3 ba, alama ce mai kyau. Idan ƙasa da 90 ne, ana bukatar bincike nan take, abin da ke tsakani kuma a maimaita shi. Amurka ta shigar da wannan awo cikin jerin gwaje-gwajen da ake shawartar a yi wa kowane jariri a 2011. Ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci, kuma ina ba kowace mai jego shawarar ta nemi a yi shi kafin a sallame ta. Ma'aikatan lafiya su kuma su tuna cewa na'urar takan ɗan ƙara lamba a kan fata mai duhu, saboda haka lambar da ke bakin iyaka ba abin sakankancewa ba ce.

Ba kowane shuɗin harshe ne daga zuciya ba. Ciwon huhu, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da shaƙar kashin farko lokacin haihuwa duk suna jawo shi. Bambancin da likita ke lura da shi shi ne, mai ciwon huhu yakan washe idan an sa masa oksijin, mai lahanin zuciya kuwa da ƙyar lambarsa take motsawa. Ko wanne ne, aikin iyali ɗaya ne, a kai shi asibiti a lokacin.

Salam Likita. Matata ta haifi namiji lafiyayye, aka duba shi aka ce ba a ji wani ƙara a zuciyarsa ba, aka sallame mu. A kwana na uku ya ƙi kama nono, ya yi duhu, numfashinsa ya yi sauri. Muka koma asibiti, aka ce manyan jijiyoyin zuciyarsa ne suka yi musayar wuri, kafin a yi wani abu Allah ya karɓi abinsa. Yaya aka yi ya kwana biyu lafiya? Matata tana ta zargin kanta, kuma muna tsoron wani cikin. Daga wani uba.

Malam, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mai ceto ne. Tambayarka ta farko tana da amsa bayyananniya, kuma ina fata za ta rage wa maiɗakinka nauyin da ta ɗora wa kanta.

A lahanin da aka faɗa muku, wanda ake rubutawa TGA, awota tana fitowa ne daga ɗakin dama, jijiyar huhu kuma daga ɗakin hagu. Sakamakon haka jini mai duhu yana dawowa daga jiki a sake mayar da shi jiki, jini mai oksijin kuma yana dawowa daga huhu a sake mayar da shi huhu, kowanne yana kewaya da'irarsa ba su haɗu ba. A cikin ciki wannan ba ya cutar da ɗan tayi, domin ba da huhunsa yake samun oksijin ba, ta mabiyiya da igiyar cibiya yake samu. Haka kuma kowane ɗan tayi yana da hanyoyi biyu na ratse: wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan sama biyu, da wata gajeriyar jijiya mai suna daktus da ta haɗa awota da jijiyar huhu. Bayan haihuwa, ta waɗannan hanyoyi ne jinin ɗanku yake ɗan gauraya, shi ya sa kuka gan shi kamar lafiyayye. Amma daktus an halicce ta ne ta rufe, kuma takan rufe cikin kwana 1 zuwa 3. Ranar da ta rufe ita ce ranar da ya rikice.

Rashin jin ƙara a zuciyarsa ma ba abin mamaki ba ne. Ƙarar da likita ke ji da abin sauraro tana zuwa ne idan jini yana kutsawa ta huda ko ƙunci, kuma da yawa daga masu wannan lahani ba su da ita. Mutane da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗauka cewa zuciyar da ba ta ƙara lafiyayya ce, kuma wannan zato ya sa an sallami jarirai da yawa da bai kamata a sallama ba.

Idan an gano shi da wuri, akwai matakai uku. Na farko shi ne ɗura wani magani ta jijiya mai suna furostagilandin, wanda ke hana daktus rufewa, wani lokaci ma ya sake buɗe ta. Na biyu, idan gaurayar bai isa ba, akan zura siririn bututu mai balan-balan a kai ta jijiya har cikin zuciya, a faɗaɗa ƙofar da ke tsakanin ɗakunan sama, dabarar da likita William Rashkind ya ɓullo da ita a Amurka a 1966. Na uku shi ne aikin mayar da jijiyoyin mazauninsu, wanda Adib Jatene ya fara yin nasararsa a Birazil a 1975. Akan yi shi cikin mako 2 zuwa 3 na farko, saboda idan aka jinkirta, ɗakin hagu da ya saba tura jini huhu cikin sauƙi yakan rasa ƙarfin da zai ɗauki nauyin jiki duka. Kafin samuwar waɗannan matakai, kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan jarirai ba sa cika shekara, yanzu kuwa mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki a kan lokaci suna girma su zama manya.

Game da zargin kai, zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa ne kimanin mako 3 bayan shigar ciki, kuma tana kammala siffarta cikin mako 8 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. A mafi yawan yara ba a gano wani dalili guda. Aikin gida, ko ɓacin rai, ko faɗuwa, ko wahalar naƙuda ba sa juya jijiyoyin zuciya. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara hatsari sun haɗa da ciwon sukari da uwa take da shi tun kafin ciki idan ba a daidaita shi ba, da kamuwa da rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, a farkon ciki, da shan barasa, da wasu magungunan farfaɗiya da na ƙurajen fuska, da kuma wasu matsalolin ƙwayoyin halitta.

Ga iyayen da suka taɓa haihuwar ɗa guda mai lahanin zuciya, yiwuwar maimaituwa kimanin 2 zuwa 3 ne cikin 100, ma'ana mafi rinjaye na gaba lafiya yake zuwa. Kafin wani cikin, ta gwada sukarinta, ta tabbatar ta yi rigakafin rubela, domin ba a yin sa da ciki, kuma idan tana shan wani magani na dindindin ta nuna wa likita, kada ta daina da kanta. Idan cikin ya samu, ta gaya wa masu awo tarihin nan tun zuwan farko, ta nemi hoton zuciyar ɗan tayi na musamman tsakanin mako 18 zuwa 22, sannan ta haihu a asibitin da ke da sashen kula da jarirai, a kuma auna oksijin ɗin jaririn kafin sallama.

Likita, ƙanena yana da shekara shida. Ba ya iya tafiya mai nisa sai ya tsuguna ya huta, kan yatsunsa sun kumbura, idanunsa jajaye, leɓensa kullum da duhu. An ce jininsa ya yi yawa. Lokacin aiki ya wuce ke nan? Daga wata ɗaliba.

'Yata, tsugunnon da yake yi magani ne da jikinsa ya koya masa, domin daidai yake da lanƙwasa gwiwar da na bayyana wa mai tambaya ta farko, saboda haka kada a hana shi ko a ce lalaci ne. Kumburin kan yatsu da yawan jini alamu ne na daɗewa cikin ƙarancin oksijin, jiki yana ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin. Illar hakan ita ce jinin yana yin kauri, kuma idan gudawa ko amai ko zazzaɓi suka ƙarar masa da ruwa, yana iya daskarewa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. A dinga ba shi ruwa isasshe, kuma gudawa a wurinsa ta asibiti ce. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, irin waɗannan yara suna iya samun ƙarancin sinadarin ƙarfe duk da yawan jininsu, wanda ke ƙara hatsarin, amma gwaji ne zai nuna, ba a saya masa maganin ƙarin jini da ka ba. A kula da haƙoransa, domin ƙwayoyin cuta daga baki suna iya sauka a zuciya. Ciwon kai mai tsanani tare da zazzaɓi da amai ko raunin gefe ɗaya yana iya zama ƙurji a ƙwaƙwalwa, kuma ba ya jira.

Ko lokaci ya wuce, hoton zuciya ne zai faɗa. Idan lahanin Fallot ne, kamar yadda alamun suka fi nunawa, ana gyara shi a wannan shekaru, har ma ga manya, domin ƙuncin da ke wahalar da shi ya kare huhunsa daga lalacewa. Idan kuwa babbar huda ce da ta daɗe tana tura jini mai yawa huhu har jijiyoyin huhun suka ƙandare, jinin ya juya baya, to toshe hudar a lokacin cutarwa ce, sai dai magani. Wani lokaci kuma akan fara da ƙaramin aiki, a haɗa jijiyar da ke zuwa hannu da ta huhu don ƙara jinin da ke isa huhu. Wannan shi ne aikin da aka fara yi a asibitin Johns Hopkins na Amurka a ranar 29 ga Nuwamba 1944, bisa shawarar likitar yara Helen Taussig. Alfred Blalock ne ya riƙe wuƙa, amma a bayansa akwai Vivien Thomas, baƙar fata ma'aikacin ɗakin gwaji wanda ba shi da digirin likita, shi ne ya ƙware a dabarar kuma yana tsaye yana yi masa jagora, ko da yake an daɗe ba a ambaci sunansa ba.

An yi wa 'yata aikin gyaran Fallot tana da wata takwas, yanzu shekararta goma sha biyu kuma lafiya lau take. Za mu iya daina zuwa asibiti? Za ta iya aure da haihuwa? Daga mahaifiyarta.

Malama, madalla da wannan labari, amma kada ku daina. Wajen buɗe hanyar huhu sau da yawa ƙofar jijiyar takan koma tana yoyo, jini yana komawa baya kaɗan-kaɗan, ɗakin dama yana faɗaɗa cikin shekaru ba tare da ta ji komai ba, kuma wasu sukan bukaci a sauya musu ƙofar idan sun girma. Tabon aikin ma yana iya jawo rikicewar bugun zuciya. Ganin likitan zuciya akai-akai, galibi sau ɗaya a shekara, na tsawon rai ne. Ta yi karatunta da wasanninta gwargwadon abin da likitanta ya amince, amma faɗuwar gaba mai yawa, ko suma, ko gajiyar da ba a saba gani ba, a kai ta ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Mafi yawan matan da aka yi wa wannan gyara suna aure su haihu lafiya, da sharaɗin a duba zuciyar kafin ɗaukar ciki, likitan zuciya da na mata su bi cikin tare, a kuma yi wa ɗan tayin hoton zuciya, tunda yiwuwar ya zo da lahani ta ɗan fi ta sauran mutane. Ki adana mata takardun aikin da aka yi mata da kwafin hotunanta, ki kuma fara koya mata sunan ciwon da irin aikin tun yanzu, domin nan gaba ita za ta riƙa yi wa likitoci bayani da bakinta.